Abin da na koyo a Badagiri na kawo Bauchi: labarin mai yasar masai

Assalamu alaikum. Ni haifaffen garin Bauchi ne, a cikin ganuwa aka yanke mini cibiya, kuma sana'ar da nake ciyar da iyalina da ita a yau ita ce yasar masai da gyaran ramin sokawe. Na san akwai waɗanda da jin haka za su kau da kai, amma ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri da ni, domin abin da zan faɗa ya shafi ruwan da yake sha shi da 'ya'yansa. Ba a gida na koyi wannan aiki ba. Na koye shi ne a Badagiri, wani tsohon gari na bakin teku da ke yammacin Jihar Legas, kusa da iyakar Seme inda ake tsallakawa zuwa Jamhuriyar Benin.

Bayan rasuwar mahaifina, Allah ya jiƙansa, karatuna ya tsaya a sakandare, sai kawuna da ke harkar dako a bakin iyaka ya aiko a tura ni wurinsa. Wannan ya faru ne jim kaɗan bayan dawowar mulkin farar hula a 1999. Dako a Seme aiki ne marar tabbas, yau a samu gobe a rasa, gwargwadon yadda aka sassauta ko aka tsananta wa shigo da kaya. Da na gaji da zaman jira, sai na karɓi aikin yaron mota a wurin wani dattijo ɗan ƙabilar Egun, wato asalin mutanen garin, wanda yake da tsohuwar tanka ta zuƙar bahaya. Ya taɓa yin tuƙin babbar mota tsakanin Legas da Jos shekaru masu yawa, saboda haka Hausa ta zauna a bakinsa. Ina kiransa Baba, shi kuma bai taɓa kirana da wani suna ba sai ɗana.

A ranar da na fara ya zaunar da ni a gefen wani rami da aka buɗe, ya ce: "Ɗana, idan ka ɗauki kanka mai kwasar ƙazanta, to, a haka mutane za su ɗauke ka. Ka fara sanin abin da ke faruwa a cikin ramin nan tukuna." Ya nuna mini cewa ramin da aka gina bisa ƙa'ida kashi biyu ne. Na farko tanki ne da aka shafe cikinsa da siminti don kada ya yi yoyo, an raba shi ɗaki biyu, ɗakin farko ya ɗauki kusan kashi biyu cikin uku na girmansa. Abin da ya gangaro daga banɗaki yana zama a nan aƙalla kwana guda: mai nauyi ya kwanta a ƙasa ya zama dagwalo, maiƙo da kumfa su taso sama, ruwan da ya ɗan tsane ya tsaya a tsakiya. Waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ke rayuwa inda babu iska, su ne ke cin dagwalon suna rage yawansa. Ruwan tsakiya kaɗai ake so ya wuce ta bututu zuwa kashi na biyu, wato ainihin sokawe, inda ƙasa za ta shanye shi ta tace shi a hankali. Idan aka bar dagwalo ya kai kamar rabin zurfin tanki ba a yashe ba, sai ya bi bututu ya toshe ƙasar sokawe, daga nan kuma banɗaki ya fara dawo da abin da aka ba shi.

Matsalar Badagiri ita ce ƙasar ba ta da zurfin da za ta yi wannan tacewa. Yashi ne, kuma a unguwanni da yawa mutum bai gama haƙa tsayin kansa ba ruwa zai fara ɓulɓulowa, musamman da damina. Ƙa'idar da Baba ya riƙe ita ce a samu aƙalla mita ɗaya da rabi na busasshiyar ƙasa tsakanin gindin rami da ruwan ƙarƙashin ƙasa, amma a can samun hakan yana da wuya, shi ya sa ake ɗaga tankin ya fito sama da ƙasa a kewaye shi da ciko. Ya kuma koya mini cewa ba a zuƙe tanki ƙarƙaf a tsakiyar damina a irin wannan wuri, domin ruwan da ke waje yana danno bango, idan ciki ya zama fanko sai bulo ya tsage ko ya rufta.

Da na tambaye shi abin da ya sa kakanninsa suka zaɓi zama a irin wannan ƙasa mai wahala, sai ya yi shiru, sannan ya ce ranar da mota ta huta zai nuna mini amsa. Tsohuwar mota ce, tana yawan zama a wurin makaniki, kuma a irin waɗannan ranaku ya zaga da ni garin.

Abin da na fara fahimta shi ne Badagiri ba a kan teku kai tsaye take ba. Akwai wani dogon ruwa mai kama da kogi da ya kwanta a gaban garin, sannan wani zirin yashi mai itatuwan kwakwa, sai a bayansa tekun. Wannan ruwa na ciki yana haɗe da Porto-Novo ta yamma da Legas ta gabas, saboda haka mai kwalekwale yana iya ɗaukar kaya daga wannan gari zuwa wancan ba tare da ya fuskanci igiyar teku ba. Mutanen garin suna kai tarihin kafuwarsa har shekarar 1425. Masana tarihi kuwa sun fi danganta bunƙasarsa da yaƙe-yaƙen masarautar Dahome da ke ƙasar Benin ta yau, wadda ta ci masarautar Alada a 1724, ta ci ta Wida a 1727, jama'a suka watse suka yo gabas suna neman inda ruwa da fadama za su kare su daga mayaƙa. A shekarun 1730 wani ɗan kasuwa mutumin Holan, Hendrik Hertogh, wanda mutanen garin ke kira Huntokonu, ya kafa wurin cinikinsa a nan bayan ya ɓata da Dahome, fatake suka bi shi, gari ya cika. Sarautar garin ita ce Akran, kuma har yanzu tana nan. Ashe ruwan nan da yake cika mana ramuka yana hana mu aiki, shi ne ganuwar da ta tsare mutanen farko, shi ne kuma hanyar da ta kawo musu arziki.

Sai dai arzikin nan da mutane aka tara shi, kuma a nan ne labarin ya daina zama na baƙi a wurina. Baba ya kai ni inda kasuwar bayi ta Vlekete take, ya kai ni gidan Seriki Williams Abass, mutumin da shi kansa an taɓa bautar da shi, daga baya ya dawo ya zama babban dillalin bayi kuma shugaban Musulmin garin, ya rasu a 1919. A gidan akwai ƙananan ɗakunan da ake tsare mutane kafin jirgi ya iso, masu kula da wurin suna cewa guda 40 ne a da. Na shiga ɗaya daga cikinsu, kuma saboda irin aikin da nake yi, tambayar da ta fara faɗo mini ita ce ina waɗannan bayin Allah suke kewayawa. Babu makewayi, babu magudana, tagar kuma ƙarama ce can sama. Wanda ya san warin rufaffen rami ya san abin da mutanen nan suka shaƙa dare da rana, maza da mata, har da masu goyo. Daga nan ake sa su a kwalekwale a tsallaka da su zuwa tsibirin Gberefu, su taka yashi da ƙafa zuwa bakin teku, wurin da yanzu ake nuna wa baƙi a matsayin inda ba a komowa.

Baba ya ce mini: "Ɗana, a cikin waɗanda suka bi hanyar nan akwai masu magana da harshenka." Gaskiya ya faɗa. A farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa da na ƙasar Yarabawa, an gangaro da Hausawa da yawa ta hannun fataken Oyo aka sayar da su a tashoshin wannan gaɓa. Waɗanda aka kai Bahiya ta ƙasar Birazil sun shirya bore a 1807, sannan a watan azumi na 1835 Musulmin bayi, akasarinsu Yarabawa tare da Hausawa, suka yi wani babban bore, aka sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ni ɗan Bauchi, wanda ya tashi yana jin labarin Malam Yakubu da yaƙe-yaƙen da aka yi a duwatsun ƙasarmu, ban iya ɗora laifin duka a kan Turawa ba, domin na san ba su suka shiga ƙauyuka suka kamo kowa da hannunsu ba. Wannan ya yi mini nauyi ƙwarai, kuma har yanzu yana yi.

Akwai kuma wata hanya da ta haɗa garin da mu, daga teku zuwa arewa. Daga Badagiri ne Baturen nan Hugh Clapperton da yaronsa Richard Lander suka tashi a watan Disamba na 1825, suka bi ta tsohuwar Oyo da Bussa da Zariya da Kano har Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Clapperton ya mutu a can a watan Afrilu na 1827, Lander ya dawo Badagiri, inda aka zarge shi da leƙen asiri aka tilasta masa shan guba don a gwada gaskiyarsa, ya kuma tsira. Tafiyar da muke yi yau cikin motar dare, su watanni suka shafe a kanta. Daga baya 'yan mishan suka iso a 1842, suka yi wa'azi a ƙarƙashin itacen Agiya wanda ya faɗi a 1959, suka gina benen da aka kammala a 1845 wanda ake cewa shi ne na farko irinsa a ƙasar nan, ko da yake mu mun san soraye da benaye na ƙasa a Kano da Zariya tun kafin nan. Ingila ta haɗe garin da mulkinta na Legas a 1863. A harabar benen akwai tsohuwar rijiya da mutane ke yabon daɗin ruwanta, alhali rijiyoyi da yawa a kusa suna da zartsi. A bakinta Baba ya faɗa mini abin da na riƙe a matsayin tushen sana'ata: duk ramin da muka gina ko muka yashe, to, da wata rijiya muke hulɗa, ko mun gan ta ko ba mu gan ta ba.

Zan faɗi abin da ya fi komai girgiza ni a shekarun da na yi a can, domin ana ci gaba da rasa rayuka ta wannan hanya har a garinmu. Akwai wasu samari 'yan arewa da ke yasa da hannu, da bokiti da igiya, a lungunan da mota ba ta shiga, kuma mun saba da su domin tare muke sallar Juma'a. Wata safiya aka aiko mana da gaggawa. Ɗayansu ya sauka cikin wani tanki da aka daɗe ba a buɗe ba, bai kai ga cika bokiti ba ya sulale ya faɗi. Ɗan'uwansa da ke riƙe da igiya ya ga haka, sai ya dira don ya ɗauko shi, shi ma ya faɗi a kansa. Da muka iso, wani na uku yana ƙoƙarin sauka, Baba ya rungume shi ta baya yana cewa: "Ɗana, idan ka shiga gawa uku za mu ɗauka." Da ƙugiya da igiya aka fito da su biyun, kuma babu wanda ya rayu. Mu muka yi musu wanka muka sallace su, kawuna ne ya ɗauki nauyin sanar da iyayensu a gida.

Mutanen unguwa suka ce aljanun rami ne. Baba ya bayyana mini cewa ruɓewar dagwalo tana fitar da iska iri biyu masu haɗari. Ɗaya ita ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, shi ya sa take kwanciya a gindin rami, kuma idan ta yi yawa sai ta kashe jin wari a hanci, mutum ya zaci ta tafi alhali a lokacin ta fi kisa, tana iya sumar da ƙato cikin numfashi kaɗan. Ɗayar kuma tana kama wuta, shi ya sa zura fitila ko kunna ashana a bakin rami don a gwada shi yake jawo fashewa. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ko ɗaya, kananzir da ake zubawa kuma wari kawai yake dannewa. Tun daga ranar na ɗauki alkawari tsakanina da Allah cewa duk yaron da zai yi aiki a ƙarƙashina ba zai sa ƙafarsa cikin rufaffen tanki ba.

Na dawo Bauchi ne da mahaifiyata ta tsufa ta buƙaci mai kula da ita. Da abin da na tara da gudunmawar kawuna na sayi tsohuwar tanka, Baba ya rako ni har tasha ya sa mini albarka. Ya rasu bayan wasu shekaru, kuma ba na mantawa da alherinsa. Farkon dawowar bai zo da sauƙi ba. Neman aurena na farko ya lalace da dangin yarinyar suka ji sana'ata, kuma akwai abokan ƙuruciya da suka rage miƙo mini hannu. Abin ya yi mini ciwo, amma Allah ya haɗa ni da matar da mahaifinta malami ne, wanda ya ce mini: "Malam, tsafta cikon addini ce, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin bahaya a mashayar ruwa da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa. Wanda ke kawar da wannan cuta daga jama'a ba abin ƙyama ba ne."

Na zaci da na bar bakin teku na rabu da matsalar ruwa kusa da rami, sai na tarar da ita a gida cikin wata kama. Ƙarƙashin Bauchi dutse ne, ƙasar da ke samansa ba ta da kauri a wurare da yawa, saboda haka rijiyoyinmu na gida ba su da zurfi, kuma ruwan ƙazanta yana iya bin tsagar dutse ya yi nisa ba tare da ya tacu ba. A unguwannin da ke kan fadama kuwa, ruwa yana tasowa a watan Agusta kusan yadda na sani a Badagiri. Masana lafiya suna so a bar tazarar mita 30 tsakanin rami da rijiya, mafi ƙaranci mita 15. To, filin da aka fi yankawa a garinmu ƙafa 50 ne da ƙafa 100, wato kamar mita 15 da mita 30. Ma'anar haka ita ce babu mai gidan da zai iya cika wannan ƙa'ida shi kaɗai. Sau da yawa ina tarar da mutum ya nisanta masai daga rijiyarsa, ya kai shi jikin katanga, alhali a bayan katangar rijiyar maƙwabcinsa take. Shi ya sa idan aka kira ni sabon gini nake cewa: "Alhaji, kafin a sa diga a yi sallama da maƙwabta a ga inda ruwansu yake." Waɗansu suna jin haushi, waɗansu suna godiya. Duk wanda ya ga yadda amai da gudawa suka yi ɓarna a 2010 da 2021, shekarun da Bauchi ke cikin jihohin da suka fi jin jiki, ba zai ɗauki wannan sallama ɓata lokaci ba.

Yawancin abin da ake kira sokawe a gidajenmu rami ɗaya ne kawai, babu tankin da aka shafe, komai yana tafiya cikin ƙasa kai tsaye. Magina suna yin haka don rage kuɗin siminti, mai gida kuma yana murna wai raminsa ba ya cika, bai san cewa inda abin yake tafiya shi ne abin tsoro ba. Wanda ya gina tanki na gaskiya, yasa duk bayan shekara biyu zuwa biyar ta ishe shi, gwargwadon yawan mutanen gida da girman tankin. Muna barin ɗan dagwalo a gindi don halittun nan su ci gaba da aikinsu, kamar yadda mai nono take barin ɗan tsami a ƙwarya don sabuwar madara ta kama. Ina roƙon mata su daina jefa leda da tsumma da ƙunzugun yara a masai, domin su ne ke toshe mesa su ninka kuɗin aiki. Ina roƙon maza su daina zuba baƙin mai da ruwan batir da sunan maganin wari, domin suna kashe abin da ke rage dagwalon, sannan su gangara cikin ruwan ƙasa. Bututun fitar da iska ya wuce saman rufi, a ɗaure bakinsa da raga saboda ƙuda da sauro, murfin kankare kuma a duba shi duk shekara, domin iskar ciki tana cin siminti da rodi ta ƙasa inda ido ba ya gani, kuma yara suna wasa a kansa.

Na yi farin ciki da Dass da Warji suka shiga sahun farko na ƙananan hukumomin da aka tabbatar sun daina bahaya a fili, amma duk masan da aka gina wata rana zai cika, kuma dole a san inda za a kai abin da aka kwaso. Wannan shi ne babban abin da ke damuna yanzu. Akwai masu mota da ke juye kayansu cikin kwari da dare don su rage man tafiya, ruwan sama na farko kuma ya kwashe shi zuwa rafin da masu lambu ke ban ruwa. Ni ina kai nawa bayan gari ne, wurin manoman da muka yi yarjejeniya da su, a zuba a kwarin da aka haƙa nesa da ruwa tun farkon rani, a rufe, a bar shi ya bushe tsawon watanni masu yawa, domin ƙwan tsutsar ciki yana daɗewa bai mutu ba. Sharaɗina da su shi ne takin na gonar dawa da masara ne, ba na latas da kabeji da karas da ake ci ɗanye ba. Wannan dabara ce ta wucin gadi, abin da garin ke buƙata shi ne isassun wuraren tacewa da shanya dagwalo, kusa da yadda mai mota ba zai ga nisa ba.

Yanzu ina da yara da ke aiki tare da ni, kowannensu da takalmin roba da safar hannu, da sabulu da jarkar ruwa a mota, kuma ba mai cin abinci sai ya yi wanka ya sauya tufafi. Ina da littafi da nake rubuta kowane gida da watan da aka yashe shi da zurfin dagwalon da na auna da sanda. Daga watan Maris nake fara bin gidajen da lokacinsu ya yi ina tuna musu, domin a gama kafin ruwa ya sauka lunguna su jiƙe mota ta kasa shiga. Bana mun fara tattaunawa da sauran masu wannan sana'a, har da masu yasa da hannu, kan mu haɗa kuɗi mu sayi ƙaramin injin zuƙa da za a ɗora a keke mai ƙafa uku, wanda zai iya shiga lungunan cikin ganuwa inda har yau ake sauka rami da bokiti.